Ƙari Goma Sha Shida

Saura sati biyar a ɗaura auren Zuliha da Abdulnasir, ranar wata Asabar da hantsi, motar Hajiya Ummussalma ta tsaya a ƙofar gidan Malam Barau, mahaifin amaryar, a Basirka. Babu aike, babu waya. Uwar ango ce da kanta tun daga Birnin Kudu, kuma duk wanda ya ji yadda ta buga ƙofar motar ya san ba gaisuwa ce ta kawo ta ba.

Zuliha na tsakar gida tana duba littattafan 'yan ajinta, don malamar firamare ce a garin. Da jin sallamar ta ja mayafi ta rufe kai, ta miƙe za ta shige ɗaki kamar yadda ta saba in dangin Abdulnasir sun zo.

"Dawo nan," in ji Hajiya. "Yau ba ranar kunya ba ce."

Sai a lokacin Zuliha ta lura da ƙaton ambulan mai ruwan ƙasa da ke hammatar Hajiya. Ta san ambulan ɗin, sunanta ne a jikinsa.

Wata uku ke nan tana fama da ciwon mara ta gefen hagu. A asibitin Birnin Kudu aka yi mata sikanin, aka ga ƙari a jakar ƙwan haihuwarta. Likita ta ce sikanin bai nuna mata irin ƙarin sosai ba, ta tura ta Kano a yi mata hoton Em-Ar-Ai, na'urar nan da ake tura mutum cikinta a kwance ta ɗauko hoton cikin jikinsa dalla-dalla. Abdulnasir ne ya kai ta, tunda shi yake kula da motocin mahaifinsa na layin Kano. Shi ne kuma ya karɓo sakamakon ranar Alhamis, ya kira ta yana murna ya ce an rubuta babu alamar ciwon daji. Ta roƙe shi ya ajiye ambulan ɗin a wajensa har Litinin da za su koma gun likita, kada kowa ya gani. Ya ce ko iska ba za ta gani ba.

To, alƙawarin namijin da kullum a ɗakin uwarsa yake cin tuwo, kwana biyu ya yi ya mutu.

Inna A'i, mahaifiyar Zuliha, ta fito da sauri ta shimfiɗa tabarma. Hajiya ko kallon tabarmar ba ta yi ba. Ta zaro baƙin hoton daga ambulan, wani faffaɗan abu mai santsi kamar roba, ta ɗaga shi saitin rana.

"A'i, zo ki ƙirga da idonki."

Ƙananan hotuna ne a jere, huɗu a tsaye huɗu a kwance. A cikin kowanne akwai wani farin dunƙule.

"Ɗaya, biyu, uku," Hajiya na caka yatsa, "har goma sha shida! Ƙari goma sha shida a cikin yarinya ɗaya, kuka yi shiru kuka karɓi kayan sa rana?"

"Innalillahi," in ji Inna A'i, ta dafe ƙirji. "Wa ya ce miki haka, Hajiya? Mu guda ɗaya aka faɗa mana."

"Ɗan'azumi ne ya duba min."

Kowa a tashar Birnin Kudu ya san Ɗan'azumi mai ɗori. In mota ta yi hatsari, direba ya karye, daga asibiti ake ɗauko hoton ƙashin a kai masa, ya ɗaga shi a rana ya nuna inda ƙashi ya goce, sannan ya ja ya ɗaure da karan dawa. Gidan Hajiya gidan masu motoci ne, saboda haka a wurinsu duk wani baƙin hoto da ya fito daga asibiti, hukuncinsa na hannun Ɗan'azumi.

"Shekara talatin yana duba hoto," in ji Hajiya. "Ya ce bai taɓa ganin ciki ya lalace irin wannan ba. Ya ce wannan ko shekara ba za ta kai ba, balle a yi zancen haihuwa."

A gaban Zuliha ta faɗi haka, kamar ana zancen akuyar da za a kai kasuwa.

Shekara uku Zuliha tana sunkuyar wa matar nan da kai, ba ta taɓa haɗa ido da ita ba. Yau ta ɗago.

"Hajiya, Ɗan'azumi ƙashi yake ɗorawa. Ni ba karaya na yi ba."

"Iye? Au, har baki ya buɗe?"

"Jikina ne, Hajiya. Cikina ne aka ɗauka aka kai tasha, ƙarti suka taru a kai suna leƙe. Wa ya ba ku?"

"Ɗana ne ya ba ni. Ko akwai abin da zai ɓoye min saboda ke?"

Nan Inna A'i ta manta da zancen surukuta, ta ɗaure zani. "To wallahi ba a gidan nan ba! Mu manoma ne, ba mu da mota ko ɗaya, amma ba mu kai tsiraicin 'yar mutane tasha ba. Ɓoyewa kika ce? Ɗan naki ne ya kai ta Kano da hannunsa!"

"Ɗa ɗaya tal Allah ya ba ni, A'i. Ba zan ɗauko masa jinya da hannuna ba. Jikoki nake so, ba zaman asibiti ba."

Hayaniyar ce ta shigo da Malam Barau daga zaure, da lauje a hannu, don lokacin yankan gero ne. Ya tsaya ya saurari kowa har ƙarshe. Mutum ne mai sanyin magana, amma yau jijiyar wuyansa ta tashi.

"Hajiya, ni ban iya duba hoto ba, ke ma ba ki iya ba. Jibi Litinin za a koma wajen likita. Ki zo ki ji da kunnenki. Kafin nan, ba ni hoton 'yata."

Ta miƙa masa da ƙyar, ta fice ba sallama.

Kafin la'asar labari ya zaga Basirka. Zuwa Lahadi ƙarin ya kai ashirin da huɗu a bakin mata. Aka rinƙa shigowa dubiya da kunu da fura, ana yi wa Zuliha sannu da muryar ta'aziyya, alhali tana tsaye da ƙafarta tana wanki. Har Haladu mai shagon taki, wanda ta ƙi bara, ya aiko da lemo da saƙon cewa shi ko ɗari ne yana so a haka. Ta ce a mayar masa da lemonsa.

Abdulnasir ya kira ta sau goma sha ɗaya. Ba ta ɗaga ko ɗaya ba.

Ranar Litinin da safe ya zo da mota ɗaukarsu. Malam Barau ya zauna gaba, Zuliha ta shige baya ta kafe idonta a taga. Tun daga Basirka har Birnin Kudu, ban da gaisuwar da ya yi wa Malam, ba wanda ya ce uffan. Yana ta satar kallonta ta madubi, ita kuwa gonakin gero take kallo kamar yau ta fara ganinsu.

A bakin ɗakin likita suka tarar da Hajiya ta riga su.

Dokta Munira, likitar mata ce, 'yar siririya mai tabarau, ba ta da son dogon zance. Ta karanta takardar da ta zo tare da hoton, ta liƙa hoton jikin fitilar bango, ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo.

"Alhamdulillahi. Abin da muka zata ne."

"Goma sha shida ko?" in ji Hajiya.

Likita ta sauke tabarau. "Goma sha shida me?"

Da aka ba ta labarin Ɗan'azumi, ba ta yi dariya ba. Ranta ne ya ɓaci, har ta ajiye biro da ƙarfi.

"Hajiya, in kika yanka doya ɗaya gida goma sha shida, kika jera a faranti, doya nawa gare ki?"

Likita ta nuna hoton da yatsa.

"Haka na'urar nan take ɗaukar hoto, yanka-yanka, daga sama zuwa ƙasa. Ƙari ɗaya ne kike gani sau goma sha shida. Guda ɗaya, girman lemon zaƙi, a jakar ƙwai ta hagu. Ta dama lafiya lau, mahaifa ma lafiya lau. Kin ga farin nan? Kitse ne a ciki. Irin wannan ƙarin mun san shi, muna cire shi kusan kowane wata, kuma yawanci ba daji ba ne."

Malam Barau ya rufe fuska da tafin hannu yana hamdala. Zuliha ta ji hawaye na zubo mata, na farko tun ranar Asabar. Ta waiwaya ta kalli Abdulnasir, shi kuma uwarsa yake kallo.

"Yawanci kika ce," in ji Hajiya. "Ni ban san yawanci ba. Daji ne ko ba daji ba ne?"

"Hoton ya ce ba daji ba ne."

"Shi hoton ba ya ƙarya?"

"Yana kuskure, amma ba sosai ba. In ya duba mata goma ya ce ƙarinsu ba daji ba ne, fiye da tara haka ake samu in an cire. A irin nata mai kitse kuwa, kuskurensa bai ma kai haka ba. Ya fi sikanin gani nesa ba kusa ba, shi ya sa na tura ta. Amma hoto hoto ne. Magana ta ƙarshe sai mun yi aiki mun cire, an kai ɗakin gwaji an duba naman. Sati biyu zuwa uku bayan aikin za a sani."

"Za ta haihu?"

"Ban ga abin da zai hana ta ba. Ko da jaka ɗaya mata suna haihuwa. Amma haihuwa ta Allah ce, ko wadda ba ta da ƙari ba zan ɗaukar miki alƙawari a kanta ba."

Hajiya ta gyara zama, ta matso da kujera. "To Likita, abu mai sauƙi. Ki rantse min da Allah ba daji ba ne. In kin rantse, yau ɗin nan zan je in ci gaba da haɗa lefe."

"Ba zan rantse ba."

"Kun ji ko?"

"Hajiya, na gaya miki abin da na sani, na gaya miki iyakarsa. Abin da ya rage bai kai ɗaya cikin goma ba, amma ba zan sa sunan Allah a kansa ba."

Hajiya ta miƙe tana gyara mayafi, fuskarta har da wani haske na wadda ta ci nasara. "Ɗan'azumi sau uku ya ce wallahi, ban ma roƙe shi ba. Ke da kika yi karatun kin kasa ko sau ɗaya. Yaron nan, ina jiranka a mota."

Ta fice. Kun ji fa, wanda bai san komai ba ya rantse, wadda ta sani ta ji tsoron Allah, kuma rantsuwar jahilin ce ta yi nauyi. Abin haushi ba ya wuce wannan.

Likita ta rubuta takarda ta miƙa wa Malam Barau, ta ce su je wajen nas a ba su ranar aiki, a kuma sa hannu. Malam ya ce bari ya yi alwala tukuna. Ya yi haka ne don ya ba yaran wuri, kowa ya gane.

Suka tsaya ƙarƙashin wata darbejiya a harabar asibitin. Can gefe motar Hajiya na tsaye, gilashi a sauke.

"Zuliha, don Allah ki saurare ni."

"Ina ji."

"Wallahi ba da mugun nufi na ba ta ba. Ta ga ambulan ɗin a ɗakina, ta ce in ban nuna mata ba ba ta yafe ba. Ya kike so in yi? Ban san wajen Ɗan'azumi za ta kai ba."

"Da ta kai, ka bi ta ka karɓo? Da ta taho Basirka, ka tare ta? Wa ya ba ta direba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kai ne ka karanta min takardar nan a waya, Abdulnasir. Kai ka ce babu alamar daji, har kana cewa za ka yi sadaka. Ka iya Turanci, ka yi difloma. Da mai ɗori ya ce goma sha shida, me ya hana ka buɗe baki?"

"Hajiya ce fa. Kin san halinta."

"Na san halinta. Naka ne ban sani ba sai yanzu."

Ya matso. "Ki bar wannan. Na samo mafita, jiya na kwana ina lallashinta. Ta yarda ba za a fasa ba. Ɗagawa kawai za a yi. A yi aikin, a jira sakamakon gwajin, in ya fito lafiya sai a sa sabuwar rana. Sati uku ne fa kacal, Zuliha. Kin ji abin da likita ta ce, fiye da tara cikin goma. Mu ne da nasara."

"Jiya ka kwana kana lallashinta."

"Wallahi."

"Wato tun kafin ku ji bakin likita kun gama yanke hukunci."

Ya kau da kai.

Hawaye suka ɓalle mata, amma ba na rauni ba ne, na baƙin ciki ne, irin wanda ke ƙona ido. Ba ta share ba.

"To na ji tara. In kuma ɗayan ne fa?"

"Haba, ki daina kawo wannan. In sha Allahu ba shi ba ne."

"Na ce in shi ne fa? In aka buɗe takarda aka ce daji ne, ranar za ka zo Basirka ko ba za ka zo ba?"

"Zuliha..."

"Amsa nake so. E ko a'a."

Ya waiwaya ya kalli motar. Daƙiƙa ɗaya ce, amma ta gani.

"Ka san abin da ya fi ci min rai?" ta ce, muryarta ta dushe. "Minti arba'in na yi a cikin na'urar nan. Wuri kamar kabari, ƙara kamar ana dukan ƙarfe a kaina, an ce kada in motsa ko yatsa. Tsoro ya kama ni har na fara karanta kalmar shahada. Abin da ya riƙe ni shi ne na san kana waje a kan benci kana jirana. Na ce ko me aka gani a cikin nan, akwai wanda zai ɗauka tare da ni. Ashe kai ma sakamako kake jira."

"Wallahi ina sonki. Allah ne shaidata."

"Kai ma ka iya rantsuwa."

"Me kike so in yi? In saɓa wa mahaifiyata?"

"Ban ce ka zage ta ba. Cewa za ka yi, Hajiya, ranar da aka sa tana nan, da ƙari ko ba ƙari. Je ka faɗa mata yanzu, ga ta can. Taku ashirin ne. Ina tsaye a nan."

Bai motsa ba. Ya tura hannu aljihu, ya fito da mukullin mota, ya mayar. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ki ba ni lokaci. Sati ukun nan kawai."

"In na ba ka, sakamako ya fito fes, ka zo da fara'a da akwatuna, wa ka aura? Ni ko takardar ɗakin gwaji? Gobe in wani ciwon ya zo, sai a sake kai ni tasha?"

Hon ɗin motar Hajiya ya karaɗe harabar, sau biyu.

Daidai nan Malam Barau ya dawo, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Ya dubi fuskar 'yarsa, ya dubi ta yaron, bai tambayi komai ba.

"Mu je wajen nas ɗin," ya ce.

Abdulnasir ya bi su a baya kamar wanda aka ɗaure da igiya. Nas ɗin wata dattijuwa ce mai ƙiba, tana zaune bayan tebur da tulin fayil. Ta duba takardar likita, ta ce Alhamis mai zuwa, a zo tun Laraba a kwanta, kada a ci komai daga tsakar dare. Sannan ta zaro wata takarda.

"Wannan ta amincewa ce. Ke za ki sa hannu a nan, wani naki kuma ya sa a ƙasa. An rubuta a ciki, in aka buɗe aka ga abin ya wuce yadda hoto ya nuna, likita za ta cire abin da ya kamata ta cire. Kun gane?"

"Mun gane," in ji Zuliha. Ta karɓi biro ta sa hannu.

Nas ta ɗaga kai ta dubi saurayin da ke tsaye bakin ƙofa cikin shadda mai guga, ta miƙa biron wajensa.

"Wannan ne maigidan? Ko angon ne?"

Zuliha ta bar masa tambayar. Ta ja numfashi sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Kalma ɗaya ce, ko yaron goye zai iya faɗinta.

Daga waje hon ya sake tashi, dogo wannan karon. Abdulnasir ya juya kai wajen ƙarar.

"A'a, Sista," in ji Zuliha. "Direba ne, shi ya kawo mu."

Ta karɓi biron daga hannun nas ta miƙa wa mahaifinta.

"Baba, sa min hannu. In mun koma gida kuma a haɗa musu kayansu yau, kafin a yi aikin. Ba na so a ce sakamako muka jira."

Malam Barau ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sunkuya, ya rubuta sunansa da ajami a hankali, harafi bayan harafi, ya tambayi nas inda ake hawa motar Basirka.